Takobin Japan Cikin Ɗinkin Baduku

Har gobe ba na mance ranar da Mama Rahila ta hawo benen shagonmu na Brickfields rungume da wani dogon abu naɗe a zanin atamfa, tana haki tana yi wa matattakala faɗa. A shekarar 2016 ne, ina cikin shekarata ta biyu a wani ɗan kamfani da ke tantance tsofaffin kaya a Kuala Lumpur. Yawancinku da kuka shigo wannan aiki namu na adana kayan tarihi kun same ni ne da furfura da yawan magana, ba ku san waccan rayuwar tawa ba, don haka bari in fara da yadda wurin yake.

Na je Malesiya karatun digiri na biyu a fannin kimiyyar ƙarfe. Da na gama, sai mai kamfanin, wani dattijo ɗan ƙasar amma ɗan asalin Sin, da ake kira Mista Lim, ya ɗauke ni mataimaki. Shi ne babban mai tantancewa, shi kaɗai yake sa hannu a rahoto. Nawa aikin shi ne karɓar kaya, awo, ɗaukar hoto, gwajin ƙarfe, da rubuta daftarin farko wanda zai bi da jan biro ya kashe rabinsa. Mutane suna kawo mana abin da suka gada, tangaran ko agogo ko makami, mu gaya musu mene ne shi, na yaushe ne, kuma nawa zai iya yi a kasuwa. Doka ɗaya ce Mista Lim bai yarda a taɓa ba: abin da muka yi wa ƙima ba ma sayensa, ko da mai shi ya roƙe mu. Ya ce wanda yake son sayen abu idonsa ba ya ganin kyansa sai ya biya. Mutum ne mai rowar magana. Ni kuwa Bakano ne, in na yi shiru na minti biyar sai in ji kamar zazzaɓi zai kama ni, to kun ga zaman da muka yi.

Mama Rahila mutuniyar Filato ce, ta haura sittin. Mijinta, Dokta Bulus, ya daɗe yana koyarwa a wata jami'a a can, suna zaune a unguwar Pantai Dalam. Duk ɗan Najeriyar da ya yi karatu a wannan yanki ya ci tuwon gidansu, Musulmi da Kirista, ni ma ban tsira ba. Ya rasu 'yan watanni kafin wannan rana. Da yake takardar zamanta a jikin aikinsa take, dole ta tattara ta koma gida, kuma lokacin da aka ba ta ya kusa cika.

Ta zauna, ta sha ruwa, ta ɗora abin a kan tebur.

"Kabiru, ɗana, takobin Dokta ne. Gadon babansa. Sayarwa zan yi, don ba zan iya rigimar shiga da makami filin jirgi ba, ni kaɗai da tsufana. Amma kafin nan ina so ka duba mini shi."

Da ta warware zanin sai na ji kamar an ɗauke ni an ajiye a kasuwar Kurmi. Jar fatar akuya ce ta lulluɓe shi tun daga ƙota har ƙarshen kube, da ratsin baƙi da kore, da tuntaye biyu da suka koɗe. Ko faifan da ke kare hannu an yi masa riga. Babu inda ƙarfe ya leƙo.

Na ce, "Mama, wannan ai aikin gida ne."

"Haka wancan mutumin ma ya ce."

Ashe ta riga ta kai shi wurin wani dillalin tsofaffin makamai a cikin gari. Mutumin ya jujjuya shi, ya ja ƙotar ta ƙi fita, ya ce irin tsarabar da ake sayar wa baƙi ce a Afirka, tsatsa ta riƙe shi, wataƙila ma babu ruwan takobin kirki a ciki. Ya yi mata tayin abin da bai wuce kuɗin cefanen mako ba, wai don tausayi.

Sannan ta ba ni labarin. Mahaifin Dokta, wanda ake kira Baba Soja, yana cikin waɗanda Turawa suka kwasa zuwa yaƙin Burma, ƙasar da tsofaffinmu ke kira Boma. Ba ma mai bindiga ba ne, ɗan dako ne, cikin masu ɗaukar kayan soja a ka suna ratsa daji. Dokta ya ce babansa ya taɓa goya wani hafsa da ya ji rauni har ya fitar da shi, shi ne da aka gama yaƙi hafsan ya ba shi takobin wani hafsan Japan. Wannan labari Dokta ya ba duk wanda ya taɓa zama a falonsa.

"Ni kuma tun ranar da aka kai ni gidansa nake tsokanarsa," in ji ta. "In ce, Bulus, ɗan dako da takobin hafsa? A tashar Bauchi Baba ya saya. In yana ba baƙi labari sai in leƙo daga kicin in ce, a dai rage gishiri. Su yi dariya, shi ma ya yi. Wasa ne fa. Amma da mutumin nan ya ce fake ne, sai da na kasa hawa bas. Na zauna a bakin titi."

Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta dube ni.

"Kuɗin ina so, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ba shi ya hawo da ni benen nan ba. So nake in sani, Bulus gaskiya yake faɗa ko kuwa ni ce mai gaskiya. Kada ka ji kunyata. Abin da ka gani shi za ka faɗa."

Na san Dokta, na san yadda idonsa ke haske in ya kai wurin goyon hafsan nan. Kuma a gaskiya abin da ke gabana bai yi kama da komai na Japan ba.

Mista Lim ya fito daga ofishinsa da tabarau a goshi. Na fassara masa a taƙaice. Bai taɓa takobin ba, ya dai tsuguna ya daidaita idonsa da tebur yana kallon tsawonsa.

"Takubbanku na can lanƙwasassu ne?"

Na ce a'a, namu miƙaƙƙu ne, kaifi biyu.

"To wannan ya lanƙwasa, kuma ba lanƙwasar wasa ba. Ƙotar ma ta hannu biyu ce. Amma fatar nan ban san ta ba. Kai ka san ta?"

Nan fa aka zo wurina. Kakana na wajen uwa baduku ne, a rumfarsa na yi rarrafe. Na ɗauki abin na shinshina, na bi ɗinkin da yatsa. Ba zaren roba ba ne irin na tsarabar yanzu, siririn zaren fata ne, an ja shi da hannu, kuma rinin ya shiga jiki ya yi duhu irin na shekaru masu yawa. Sai na gaya masa abin da duk wanda ya tashi a cikin dukawa ya sani. Badukunmu ba ya zubar da abu don ya yi sabo, lulluɓe shi yake yi. Kawo masa kwalba ya yi mata riga, kawo sanda ya yi mata riga, har rediyo na ga an yi wa. In mutum ya samu abin da yake ji da shi, kai shi yake a suturta masa, don a wurinmu abu mai daraja ba ya zama tsirara. Na ce in dai da wani abu a hannun Baba Soja ranar da ya je wurin baduku, to yana nan a ƙarƙashi.

Mista Lim ya sauke tabaransa kan hanci. Ya ce, "To nemo shi."

Na fara lalube. A jikin ƙota, ƙarƙashin fata, yatsana ya ji tudu da kwari a jere, kamar an naɗe igiya ana gicciya ta. A jikin kube na ji wani zobe da aka danne. Mista Lim ya ce in duba kusa da faifan hannu, ta gefe, ko zan ji wani ɗan ƙullutu. Na same shi. A daidai wurin fatar ta yi laushi ta yi baƙi, ta fi ko'ina santsi, alamar babban yatsa ya daɗe yana zama a kai. Ya bayyana mana cewa takubban hafsoshin Japan na lokacin yaƙi suna da ɗan maɓalli da ke kulle takobi a cikin kube, don kada ya zame in ana gudu. In ba ka danna shi ba, ko ka fi kowa ƙarfi ba zai fita ba.

Mama Rahila ta riƙe haɓa. "Wai! Shi ya sa. Duk Kirsimeti sai ya zare shi ya shafa masa man keken ɗinkina, ya ce mini takobin ba ya fita sai a hannun ɗan gidan. Ashe danna abu yake, ɗan banza!"

Na ce ta kawo yatsanta. Na ɗora shi a wurin, ta danna, muka ji ƙas. Mista Lim ya karɓa, ya juya kaifin sama, ya zare shi a hankali.

A nan zan tsaya in gaya muku ladabin riƙe irin wannan, don wata rana zai zo hannunku. Ba a taɓa ruwan takobi da yatsa, gumin hannu yana cin ƙarfe. Ba a magana a kansa, saboda tsartuwar yawu. Ana zare shi kaifi na sama, a ɗora a kan tsumma mai laushi, in za ka miƙa wa wani kuma kaifin ya dubi kai mai miƙawa. Wannan dokar ta hana magana ita ta fi ba ni wuya, kuma ina zargin ita Mista Lim ya fi so a duk sana'ar.

Ƙarfen ya fito fes, sai 'yan ɗigon tsatsa kusa da tsini. Man keken ɗinki ya yi aikinsa, kuma Allah ya taimaka ba wanda ya taɓa bin sa da toka da lemun tsami, irin gatan da muke yi wa ƙarfe a gida. Na kanga maganaɗisu a jikin kuben da babu komai a ciki, ya manne. Kuben ƙarfe ne ke nan a ƙarƙashin fatar.

Ni fa har na buɗe baki zan ce, Mama albishirinki. Mista Lim ya yi mini wani kallo ta saman tabarau, na haɗiye. Da muka koma gefe ya ce da ni a hankali, kube da ƙota suna iya zama na gaske a saka musu ruwan jabu, ya sha gani. Bayan yaƙi an yi ta haɗa-haɗe ana sayar wa sojojin da ke son tsaraba. Shaidar gaskiya tana jikin wutsiyar ƙarfen, wato ɓangaren da ke shigewa cikin ƙota. A can maƙeri ke sa sunansa, a can shekaru ke barin alama. Kuma ba a kai wa gare ta sai an cire wani ɗan tsinken gora da ya ratsa ƙotar, wanda yanzu yake ƙarƙashin ɗinkin baduku.

"Matar nan ta riga ta faɗi sau ɗaya," ya ce. "Kada ka ɗaga ta sama sai ka tabbata akwai inda za ta taka."

Na koma na yi mata bayani, cewa alamu suna da kyau amma ba mu gama ba, kuma sai mun buɗe fatar ƙota. A ƙa'idarmu ba a buɗe komai sai da yardar mai kaya. Ta shafa tuntun nan.

"Yankawa za ku yi?"

Na ce ba zan yanka ba. Zan warware ɗinkin ne, in mayar ta ramukan da mai shi ya huda.

"To ka buɗe. Amma ka mayar masa da rigarsa yadda ka same ta. Baba ne ya biya aka ɗinka."

Kayan aikinmu na shago duk na tangaran ne da agogo, babu abin da ya dace. Washegari da safe na sauka wurin wani Ba'indiye mai gyaran takalma da ke zama a bakin titinmu, na ari basillarsa mafi siriri. Ya tambaye ni takalmin wa zan ɗinka, na ce na wani soja ne da ya rasu. Ya ce in riƙe har in gama.

Aikin ya ci mini yini biyu. Tsohuwar fata ba ta son gaggawa. Sai ka ɗan shafa mata mai ta saki jiki, ka ɗaga zare ɗaya, ka ɗauki hoto, ka matsa gaba. Ina yi ina tuna kakana, yadda yake riƙe zare da haƙori yana yi wa almajiransa na sana'a faɗa ta gefen baki. Wanda ya yi wannan ɗinki gwani ne. Bai sa gam ko ɗigo ba, bai huda komai na ciki ba, ya dai bi jikin abin kamar tela. Na ji ƙaunar mutumin nan da ban san sunansa ba, har na yi masa addu'a.

Da fatar ta buɗe, sai ga igiyar siliki ruwan ƙasa an naɗe ta a gicciye, launinta kamar ba ta ga shekara saba'in ba. Ƙarƙashinta farar fatar wani kifi mai ƙurji-ƙurji, da 'yan furanni na tagulla. Ga kuma kan tsinken goran nan yana kallona.

Mista Lim ya daɗe a tsaye a kansa. Ban taɓa jin ya yi maganar gidansu ba sai ran nan. Ya ce lokacin da sojojin Japan suka mamaye ƙasar, mahaifinsa yana saurayi, kuma akwai ƙanen mahaifin nasa da aka tafi da shi bai dawo ba. Ya ce shi ba ya son takubban nan, bai taɓa ajiye ko ɗaya a gidansa ba. Ya koyi saninsu ne don suna ta fitowa daga ƙarƙashin gadajen tsofaffi, kuma in bai sani ba za a cuci jikokinsu. Ya ce bai taɓa sanin an kawo baƙaƙen mutane daga Afirka sun yi dako a wancan yaƙin ba. Daga nan ya koma shirunsa.

Muka kira Mama Rahila, don ba ma cire ƙota sai mai kaya yana wurin. Ta zo da kayan zuwa coci, har da jaka mai sheƙi.

Mista Lim ya tura tsinken da ɗan guduma na tagulla, ya fito. Ya riƙe takobin a tsaye da hannun hagu, ya dunƙule dama ya bugi wuyan hannunsa na hagu. Haka ake yi, girgizar ce ke sassauta ƙota, ba a dukan takobin kansa. Ya buga, shiru. Ya sake, shiru. Na san abin da muke tsoro: a zare a ga guntun rodi da aka yi wa walda. Can sai muka ji ta motsa. Ya zare ƙotar ya ajiye.

Wutsiyar ta yi tsatsa mai duhu, lafiyayya, wadda ba ta ci ƙarfe ba. Irin wannan tsatsar ba a goge ta har abada, ku riƙe wannan, don ita ce shekarun abin, wanda ya kankare ta ya kankare rabin darajarsa. Ga sawun magagari a jere. Ga rubutu da aka sassaƙa da kurfi a fuska biyu, da wani ɗan hatimi a sama. Mista Lim yana karanta rubutun Sin, kuma haruffan kusan ɗaya ne da na Japan, don haka ya karanta shekarar nan take, ta faɗo tsakiyar yaƙin. Sunan maƙerin ya duba a littattafansa, ya gwada salon sassaƙar da hotunan da ke ciki, ya ɗauki lokacinsa kamar ba mutum biyu ne ke jiran numfashi a bayansa ba. Sannan ya cire tabarau ya juyo wajenta.

"Na gaske ne, Madam. Takobin hafsan sojan Japan ne, an ƙera shi lokacin yaƙi. Komai nasa tare aka yi su, ba haɗi."

Na fassara mata, ko da yake ta ji. Na ƙara da nawa, cewa ɗinkin fatar ya girmi aurenta nesa ba kusa ba, aikin shekarun bayan yaƙi ne. Na kuma gaya mata iyakarmu. Ƙarfe da fata ba za su iya cewa Baba Soja ya goya hafsa ba. Abin da suka ce shi ne, takobin hafsan Japan ya shiga hannun wani mutum a ƙasarmu ba da daɗewa da gama yaƙi ba, kuma mutumin ya ji da shi har ya kai a yi masa sutura mai tsada. Ba a sayar da irinsa a tashar mota.

Na zaci za ta yi kuka ko ta yi guɗa. Ko ɗaya. Ta gyaɗa kai kawai ta ce, "To. Nawa zai yi?" Har na ɗan ji haushi, ni da na yi yini biyu ina tsintar zare.

Mista Lim ya yi mata bayani dalla-dalla. Takubban yaƙin nan hawa-hawa ne. Akwai na ƙananan sojoji da inji ya buga, masu lamba a jiki. Akwai na hafsoshi da maƙera suka yi a lokacin yaƙi. Akwai kuma tsofaffin takubban gado na ɗaruruwan shekaru da wasu hafsoshi suka sa wa kayan soja suka tafi da su, su ne masu kuɗin sayen gida. Nata na tsakiya ne, hatimin nan ya nuna ba a bi tsohuwar hanyar ƙira gaba ɗaya ba. Ba zai sa ta yi arziki ba, amma ya ninka tayin dillalin nan sau da yawa, zai kai kayanta gida ya kuma bar mata abin fara zama.

Sai ya kawo maganar da muka yi gardama a kanta da safe. Masu tara takubban Japan za su fi so a cire fatar duka, kuma a haka zai fi saurin fita. Ni na ce in an cire, ya zama ɗaya cikin dubbai, in an bari kuwa, ban san wani irinsa ba. Mista Lim bai yarda da ni a kan farashi ba, ya ce kasuwa ba ta sayen tausayi. Amma ya ce a rubuta duka biyun a rahoto, mai kaya ta zaɓa. Wannan ne karo na farko da jan bironsa ya tsallake sakin layi nawa guda bai taɓa ba.

Ta ce, "Da rigarsa za a sayar. Wanda ba ya so ya bari."

Haka aka yi. Na mayar da ɗinkin ta ramukansa na asali, muka haɗa ta da wani gidan gwanjo mai lasisi, aka rubuta tarihin yadda yake, da abin da aka tabbatar da abin da iyali suka faɗa, kowanne a wurinsa. Ya ɗan jima bai fita ba, har ta riga ta koma Jos. Daga baya wani mai tara kayan sojojin Afirka na wancan yaƙi ya saye shi, a farashin da ya ɗan haura abin da Mista Lim ya ƙiyasta. Da na nuna masa sakamakon, cewa ya yi, "Boleh lah," wato ba laifi, ya ci gaba da shan shayinsa. A wurinsa wannan kirari ne.

Amma bari mu koma ranar da aka cire ƙotar. Da muka gama na raka ta zuwa tashar KL Sentral, ina riƙe mata jaka. Da muka zo daidai wani shagon mamak, irin wuraren shan shayin nan na Indiyawa Musulmi, sai ta ce ƙafarta ta gaji. Muka zauna, na sa aka kawo mana shayi. Ta ɗaga kofin, ta ajiye. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, irin wadda ke fitowa da hawaye, har mai kawo shayi ya tsaya yana kallonmu.

"Kabiru, ka san tun da muka yi aure mutumin nan bai taɓa cin gardama a kaina ba? Ko ɗaya. Dokta ne a makaranta, a gida kuwa ni ce Dokta. Yau ga shi ya kayar da ni, kuma ba ya nan balle ya yi mini dariya."

Ta share ido da bakin gyale.

"Jiya ban roƙi Allah ya yi tsada ba. Cewa na yi, Ubangiji, ka sa ni ce na yi kuskure. Ban taɓa roƙon in sha kaye ba sai jiya."

Na ce Allah ya ji ƙansa, ta ce amin.

"In na isa gida," ta ce, "zan tara jikokinsa in ba su labarin da bakina, tun daga goyon har takobin. Kuma duk wanda ya ce a rage gishiri, ni da shi ne."

Ta shanye shayinta, ta sa aka ƙunsa mata roti, irin gurasarsu, ta tafi da shi, na sa ta a jirgin Pantai Dalam tana ɗaga mini hannu.

Abin da na ɗauko daga wannan aiki na kawo muku shi ne, wanda ya ajiye kayan gado a teburinku ya ce nawa zai yi, sau da yawa akwai wata tambayar a ƙarƙashi, kuma ita ce ta hana shi barci. Ba a amsa ta da daɗin baki. Da na yi wa Mama Rahila albishir tun ranar farko don in faranta mata, da ta karɓa da ladabi ta tafi da shakkarta, don ta san ɗan gida ne ya ji kunyarta. Ta yarda ne saboda mun bi abin a hankali har ƙarshensa, a gaban idonta, muka faɗi abin da muka gani muka tsaya a inda saninmu ya tsaya. Saboda haka in na tsaya a kanku ina cewa ku warware kada ku yanka, ku duba kafin ku yi magana, ba tsufa ne ke damuna ba. Wani lokaci mutuncin wanda ya riga ya kwanta ne a hannunku, kuma shi ba zai iya tashi ya kare kansa ba.